Ranar da Anti Rahila ta ɗaura min takalmin taya

Da safen nan ina haɗa shayi ƙanwata ta kira ni daga Zuru. Wai Anti Rahila ta rasu jiya a Ribah.

Na zauna, na kasa ko kuka.

Duk wanda ya taso a wajen bariki a shekarun dubu biyu da 'yan kai ya san ta. Matar soja ce, doguwa, kafin ka gan ta ka ji dariyarta. Mijinta ya dawo daga aiki a Saliyo da buhun takalman taya na gwanjo. Da wata ce da ta sayar. Ita kuwa sai ta tara matan bariki ta ƙirƙiro musu wasa.

A kan simintin da ake shanya dawa a bayan makarantarmu ake yi, don haka sai an kwashe hatsi ake bugawa. Kowane ɓangare mata huɗu. Ɗaya ta ɗaura jan ɗankwali, aikinta ta ratsa ta wuce, sauran su tare ta da kafaɗa da kwankwaso. Takalman duk na maza ne, sai a cusa tsumma a ɗaure da robar tayar babur.

Ni 'yar kallo ce. Shan inna ya taɓa ƙafata ta hagu tun ina ƙarama, da sanda nake tafiya. Kowace Asabar da la'asar ina kan katanga, sandata a gefe.

Wani lokaci rufe ido nake yi. Ƙarar tayoyin nan kamar ruwan sama yana saukowa daga kan tsaunuka. Sai in ga ni ce mai jan ɗankwali, iska tana dukan fuskata, babu mai jira na in ƙaraso. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, don na san dariya za a yi min.

Ashe tana lura da ni. Takan miƙo min rake ko ta ba ni ajiyar usur ɗinta. Rannan ta ce, "Talatu, kowa kallo yake da ido buɗe, ke ina kike zuwa?"

Na ce babu ko'ina. Ta ce ƙarya nake, za ta zo gidanmu.

Mamana kuwa ba ta wasa da maganar ƙafata. Sau biyu Anti ta zo ta durƙusa tana roƙon a bar ni in hau takalmin taya, sau biyu aka sallame ta da ruwan sha. A na uku Mama ta ce, "Matar Saje, ƙafa guda gare ta. In ta faɗi fa?"

Anti ta ce, "Mama, in ɗiyarki ta faɗi, a kaina za ta faɗi. Ni ce a ƙasa."

Sai Mama ta ce a dawo mata da ni yadda aka ɗauke ni.

Bayan an watse wasa aka yi, rana ta yi ja. Ta ɗaura min takalmi a ƙafar dama, ta riƙe ni a hagu, ƙawarta Laraba ta riƙe ɗaya gefen. Muka fara a hankali. Sai katanga ta fara wucewa, bishiyar mangwaro ta wuce, ta sake dawowa. Jikina babu nauyi. Wallahi na manta akwai wata aba wai ita sanda.

Ni ce na ce a ƙara gudu. Na sake cewa a ƙara.

A zagaye na huɗu ƙwayar dawa ta shiga tayata. Muka tafi gaba ɗaya. Ban san yadda ta juya ba, na dai samu kaina kwance a kan ƙirjinta, ko ƙwarzane ban yi ba. Wuyan hannunta ne ya karye.

Ta ce, "Kul ki faɗa wa Mama. Za ta hana ki ko kallon."

Duk wanda ya tambaya sai ta ce masa kabu-kabu ne ya kayar da ita a hanyar Ribah. Mai ɗori bai daidaita hannun ba, ba ta ƙara wasa ba. Ta koma busa usur, ni kuma na koma kan katanga, ina jin kunyar haɗa ido da ita.

Ganina na ƙarshe da ita bara ne, a tashar Zuru. Ta yi furfura. Na kama hannun nan karkatacce na ce ta yafe min. Ta yi dariya har direbobi suka waigo. Ta ce, "Yafe me? Ke ba ki ji yadda kike dariya ba rannan."

Na yi alkawarin zuwa Ribah da yarana. Ban je ba, kuma abin yana ci na.

Mama, na san ƙanwata za ta karanta miki wannan. Mun faɗi a ranar. Ita ce a ƙasa, kamar yadda ta ce miki.

Allah ya ba Anti Rahila hutu, ya sa ta tarar da alherin da ta yi, ya ba Saje da 'ya'yanta haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta, Musulmi da Kirista, ya saka ta a addu'a.