Igiyar Tsohuwa

Maɗorin da ya ɗaure wa Baba ƙafa ya ce kwana arba'in. Ya faɗa a gabana, ya maimaita a gaban yayana, sannan ya duƙa ya faɗa wa Baba a kunne kamar mai magana da kurma: in ya kuskura ya taka ƙafar nan kafin arba'in, ƙashin zai kama a karkace, kuma shi ba ya gyaran abin da mai shi ya ɓata da kansa. Baba ya ce ya ji. Ni da na san halinsa na san bai ji komai ba, don tun mutumin bai gama ɗaure karan ba idonsa ke kan hadarin da ke haɗuwa a gabas.

Daga kan amalanken jaki ya faɗo a hanyar gonarsa ta Bazaga, ana tsakiyar noman farko. Aka kawo shi Ƙonni gidan yayana, wanda ke tuƙa babbar motar siminti daga Malbaza, kwana biyu a gida, biyar a hanya. Matarsa na fama da goyo. Ni kuwa malamar lakwal ce a lokacin, wato makarantar boko, muna hutun damina, sai jinyar ta faɗo a kaina. Ba zan ɓoye ba, na ji haushi. Ni ma ba gwanar zama wuri ɗaya ba ce, a wurinsa na gado, ga shi an haɗa mu a ɗaki ɗaya an ce in tsare shi.

Makon farko mun sha wuya da juna. Duk wanda ya shigo gaisuwa daga ƙauye sai Baba ya tsare shi da tambayar gero, ina tsawonsa ya kai, haki ya ci ƙarfinsa ko kuwa. An gaya masa ƙanensa ya kira gayya an nome gonar tas, ya ce ƙanensa bai taɓa nome komai tas ba. Na ɓoye takalmansa. Na ɓoye sandarsa a bayan randa. Rana ta shida na fito daga wanka na tarar da shi ya ja gindi har bakin zaure, wai iska yake sha.

Yayana ne ya kawo abin, daga wata kasuwa a ƙetaren iyaka, kuma don kansa ya saya. Wani ɗan akwatin wasa ne toka-toka da ake jona wa tele, wato talabijin, da kaset ɗaya, da abin latsawa mai doguwar waya. A ciki wani ɗan mutum ne mai shuɗiyar riga, rafin garinsu ya ƙafe, shi ne ya fita neman dalili. Rubutun duk Turancin Ingilishi ne, ni kuwa Faransanci na karanta, sai dai in tsinci kalma ɗaya a cikin goma. Kwana biyu Baba na kiran abin shiririta. A na uku, ina riƙe da abin latsawar don in kashe lokaci, sai na ji murya daga kan tabarma tana cewa in bi ta arewa, ba a neman ruwa a kan tudu. Kafin la'asar ya ƙwace daga hannuna, da manyan yatsunsa masu danna maɓalli biyu a lokaci ɗaya.

Ba faɗa da dodanni ne ya kama shi ba, wannan sai ya miƙo mini in yi masa. Kayan ne suka kama shi. Akwai maɓallin da in ka danna sai allon ya nuna duk abin da ɗan mutumin ke ɗauke da shi, kowanne a gidansa. Baba ya sa wa wurin suna burgami, kamar jakarsa ta fata. Kafin ya fita gari sai ya buɗe burgami ya duba, in ya dawo ya sake dubawa, kamar yadda yake yi wa kayan amalankensa ranar kasuwa. Akwai fitila, wadda wani tsoho ya ba shi a bakin kogo, in babu ita ba ka ganin komai a ciki. Akwai shebur, shi ya ce hauya ce, kuma ya haƙe gindin kowace itaciya a ƙasar nan har ya tono wata ƙararrawa da ke korar jemagu. Akwai goran magani uku da bai yarda a sha ko ɗaya ba, ya gwammace ɗan mutumin ya faɗi matacce a sake farawa daga masaukin da ke garin da a taɓa abin da aka ajiye don ranar wahala. Na yi ta faɗa a kan wannan har na gaji.

Kuma yana da ƙa'idarsa. In ya kai ɗan mutumin ƙofar gida sai ya tsayar da shi, ya yi sallama da bakinsa, ya ɗan jira, sannan ya shiga. Abin da aka ba shi hannu da hannu yana karɓa, har da godiya. Ranar da ya tsinci mabuɗi a cikin kogo, sai da ya zagaya garin gida gida yana tsayawa gaban kowa, wai cigiya yake yi. Da babu wanda ya nuna alamar nasa ne, ya ce to, zai riƙe amana. Da ya buɗe ƙofar hasumiya da shi kuma mabuɗin ya ɓace daga burgami, ya yi wuni guda yana jimamin abin da zai ce in mai shi ya zo.

Ni dai ina dariya, amma ina lissafin kwanaki a raina. Goma sha biyu, goma sha bakwai, ashirin. Ya daina neman takalma. In an ɗauke wuta ne kawai yake tuna yana da gona, sai in ga ya fara leƙen taga, ni ma in kasa zama, in yi ta zarya tsakanin ɗaki da ƙofar gida ina duban ko ta maƙwabta ta dawo.

A rana ta ashirin da ɗaya ya kai bakin wani rami mai zurfi a saman dutse, inda da alama nan ruwan ya maƙale. Babu hanyar sauka. Ya gwada hauya, ya gwada ƙararrawa, ya haska fitila. Da yayana ya dawo daga hanya ya ce ai igiya ake so, ya ga masu sayar da abin suna yi, kuma tana cikin akwati a ɗakin wata tsohuwa a garin, dab da gadonta. A buɗe kawai a ɗauka. Baba ya san akwatin sarai, ya sha wucewa ta gabansa.

"Ba ni buɗe akwatin tsohuwa tana tsaye tana kallona," in ji shi.

Yayana ya yi dariya ya kama hanyarsa, ya bar ni da shi. Daga ranar Baba ya tsiri zuwa gidan tsohuwar kullum. Ya yi sallama, ya tsaya gabanta, ya danna, rubutu ya fito, ya juyo ya tambaye ni me ta ce. Ya gwada miƙa mata ƙararrawar. Har goran maganinsa ya so ba ta, abin da ya hana kansa. Ba ta karɓi komai ba, zane ce, layi biyu kawai aka sa mata a baki. Rannan na gaji na ce masa ta ce ya ɗauka, ta yafe.

Ya dube ni ta gefen ido. "Malama, rubutun ga shi na tun ranar hwarko, kuma kin ce ba ki jin shi. Yaushe kinka koyi Turanci?"

Kunya ta kama ni, sai na mayar da ita faɗa. Na ce wasa ne fa, babu tsohuwa, babu igiya. Ya ce ya sani, shi ma ai wasa yake yi, amma da hannunsa ake yin wasan.

Kwana bakwai muna haka. Kuma na ga abin da nake tsoro yana dawowa. Yana zuwa gidan tsohuwa, yana zagaya dutsen ko akwai wata hanya, amma hankalinsa ya fara rabuwa. An yi ruwa biyu masu ƙarfi, lokacin maimai, noma na biyu, ya yi. Ya tambayi matar yayana, ba ni ba, ko ta ga sandarsa. Na ƙirga, saura kwana goma sha biyu. Na ce a raina in ya sauka ramin nan, abin da ke ƙasa zai riƙe shi ko da mako ɗaya ne, sauran kwanakin in san yadda zan yi.

Bayan azahar ya yi barci. Na rage muryar tele, na shigar da ɗan mutumin ɗakin tsohuwa, na buɗe akwatin. Ko kallona ba ta yi ba. Na kai shi masauki ya kwana, don ta haka ne na'urar ke riƙe inda aka tsaya, sannan na kashe na fita tsakar gida na kama tsintar wake kamar mutuniyar kirki. Duka bai ɗauke ni minti biyar ba.

Da ya yi la'asar a zaune ya ce in kunna. Ya buɗe burgami kamar kullum. Na ji shiru ya yi yawa, na leƙo.

"Wa yas sa igiyag ga cikin kayana?"

"Ni ce, Baba."

"Ta ba ki?"

Na ce a'a. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ɗauki ɗan mutumin ya koma gidan tsohuwar, ya tsaya gaban akwatin da ke buɗe wayam, ya yi ta danna maɓallai ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda zai mayar. Babu. Wanda ya ƙera abin bai taɓa tunanin wani zai so mayarwa ba. Na ce a share komai a faro daga farko, ni zan yi masa duk wahalar har bakin ramin. Ya tambaye ni, in an kai bakin ramin kuma fa? Ya ce ashe hanyar ba ta biyuwa sai da kayan tsohuwa, shi yana ta wahala yana zaton akwai wata. Ya naɗe wayar a jikin abin latsawar a hankali ya ajiye a gefen tabarma.

Washegari bai ce in kunna ba. Na kunna da kaina, na sauka ramin da igiyar, ina ta surutu da ƙarfi kan abin da nake gani a ƙasa, ko zai juyo. Fuskarsa na wajen taga.

Da safen da ya biyo na tafi kasuwa sayen nama. Na dawo na tarar da tabarma a naɗe. Matar yayana ta ce ya roƙi wani ɗan garinsu da ya zo gaisuwa ya kama shi zuwa tasha, ta yi magana ya ce ta kula da ɗanta. Da muciyarta ya dogara. Na bi su tasha da gudu, gyale a hannu, motar ta riga ta tashi. Ranar kwanansa talatin.

Na yi fushi da shi ƙwarai, na fi mako biyu ban je ba. Na gaya wa kowa taurin kansa ne, kuma gaskiya ne, yana da shi. Wataƙila ko ban taɓa akwatin ba da ya tafi. Amma na san kafin in taɓa, kullum yana da inda zai je da safe, ko da gidan tsohuwar ne ya roƙa a hana shi. Ni na raba shi da wannan, don na fi shi gajen haƙuri.

Sai dab da komawa lakwal na je Bazaga. Gero ya yi kyau a shekarar, har ya fi na maƙwabta. Ina zaune a ƙofar gida da yamma na hango shi yana tahowa daga gona, kafaɗa ɗaya na nutsewa a kowane taki, ƙafar dama na shatar ƙasa a baibai. Na tashi na tarye shi na karɓi hauyar. A hanyar ne na ce ya yafe mini.

"Ke kinka karya ni? Jaki na," ya ce.

Sai ya ɗora hannu a kafaɗata, abin da bai taɓa yi ba tun ina ƙarama, ya sakar mini nauyinsa. Daga nan zuwa gida ba nisa, amma sau uku muna tsayawa.