Akwai Gyara?

Sau huɗu ina sanar da mutuwar sana'ar yayata, kuma duk sau huɗun a gabanta na yi sanarwar, ina kurɓar shayin da ta haɗa min. Na farko lokacin da kwamfuta ta shigo ofisoshi. Na biyu da aka fara rubutu a waya, na uku da aka ce waya za ta riƙa rubuta abin da mutum ya faɗa da baki. Na huɗu bara, da ƙirƙirarriyar basira ta cika labarai. A wannan karon har wa'adi na yanka mata, na ce wata shida. Ta ce to, in ɗaga ƙafata tana son ta share wurin.

Yaya ita ce babbarmu, ta girme ni da shekara goma sha biyar. Innarmu ta rasu ina ɗan shekara uku, don haka bayan goyon da na sani a duniya nata ne. Tana da shekara goma sha tara ta koyi buga tafireta, ta yi shekara ashirin da biyu tana sakatariya a wani ofis, sannan ta buɗe shagonta a bakin titi, tsakanin mai gyaran takalmi da kantin magani. Shagon bai fi taku huɗu ba. Akwai tebur, da benci na masu jira, da kwamfuta, da injin fotokwafi mai nishi kafin ya fitar da kowace takarda. A saman kabad tsohuwar tafiretarta ce lulluɓe da tsohon labule, in an ɗauke wuta ta sauko da ita ta ci gaba da aiki. Masu neman aiki suna zuwa, da masu yarjejeniyar haya, da masu koke, da waɗanda suka san abin da ke cinsu amma ba su san yadda ake sa shi a takarda ba.

Tana da wata ɗabi'a da na daɗe ina yi wa dariya. Takarda ba ta fita shagon nan sai ta karanta wa mai ita da ƙarfi, daga kwanan wata har wurin sa hannu, sannan ta leƙo ta saman gilashinta ta ce, "Akwai gyara?" Ko sauri kake yi sai ka zauna. Kuma ba karatun allo take yi ba: yadda ka faɗa haka za ta mayar maka, inda ka tsaya ta tsaya, inda ka ja numfashi ta ja. Na taɓa ganin wani direba da ya zo a fusace ya sa ta buga takardar barin aiki. Da ta karanta masa, ya ji kansa da kunnensa, ya daɗe yana sosa ƙeya, sannan ya ce, "Malama, yaga ta. Ashe haka nake in raina ya ɓaci?"

Ni kuwa malamin labarin ƙasa ne a makarantar sakandare. A gida Auta nake, a shago Farfesa. Yaya ce ta raɗa min, kuma na shekara biyu kafin in gane ba yabo ba ne. Ana tashi daga makaranta nake zarcewa wurinta in baje kolin ra'ayoyina. Ba abin da ba ni da ra'ayi a kansa: motocin da ke tuƙa kansu, masu kuɗin da ke son komawa duniyar wata, zaɓen ƙasashen da ko a mafarki ban taɓa takawa ba. Mai takalmi yakan leƙo ya saurara, in zance ya yi nisa ya ce, "Allah ya ƙara basira, Farfesa," ya koma kan gudumarsa. Duk wannan ilimi, in tawadar firinta ta ƙare, gefe nake komawa in jira Yaya ta canza.

Wayoyi biyu gare ni, sabuwa da tsohuwa, kamar kowane mutum mai muhimmanci da ba wanda ke kiransa sai matarsa. Wata rana na karanta cewa wayoyi suna sauraron hirar mutane a ɓoye. Na iso shago ina haki.

"Yaya, kawo wayarki in toshe mata kunne. Duk abin da ake faɗa a shagon nan suna ji."

"Su wa?"

"Kamfanoni!"

"To Allah ya ba su haƙuri, tunda kai suke saurare kullum."

Ta hana ni tata. Don kada laccata ta tafi a banza, na fiddo tsohuwar wayata na nuna wa ita da mai takalmi yadda ake yi: nan za ka shiga, nan za ka danna, shi ke nan ta kurmance. Na mayar da ita aljihu ina jin kaina kamar wanda ya ceci al'umma. Da yake ba da ita nake kira ba, kafin mako ya zagayo na manta, wani labarin ya riga ya ture wannan.

A cikin watan ne jikin Baba ya fara ƙi. Tsohon direban babbar mota ne, mutum mai tsadar magana. Ka tambaye shi yaya hanya, ya ce lafiya, an gama. Zancen Inna kuwa bai taɓa yi ba. Ko hotonta babu a gidan sai wani guda ɗaya da ruwa ya taɓa, fuskar ta dushe. Na girma ban san muryarta ba, ban san abin da ke sa ta dariya ba, kuma in na tambayi Yaya sai idonta ya kawo ruwa in bar maganar. Sai ga shi rannan Baba, yana kwance, ya ce yana son ya ba mu labarinsa tun daga farko, har da na uwarmu, kafin ƙarfinsa ya ƙare.

Yayyena maza biyu suna nesa, aiki ya riƙe su. Babban ya kira ni ya ce, "Auta, kai ne masanin waɗannan abubuwan. Ka ɗaukar mana muryarsa." Na ce ya kwantar da hankalinsa, ya kawo kuka gidan mutuwa.

Ranar farko da yamma na tarar da Yaya zaune a bakin gado da littafi da fensir. Tun tana ofis ta iya gajeren rubutun nan na sakatarori mai kama da sawun kaji, ta kuma lanƙwasa shi ya dace da maganar gida.

"Haba Yaya, wane zamani muke? Ajiye wannan. Muryarsa za mu ɗauka gaba ɗaya, har tarinsa."

"Ɗauki abinka," in ji ta. "Hannuna ne ba ya son zaman banza."

Na ɗora tsohuwar wayar a kan matashi kusa da bakinsa. Tsohuwar fa, domin ba zan iya rabuwa da sabuwar har awa biyu ba. Da na danna, wani ɗan rubutu ya fito a fuskarta, na share shi da yatsa ban karanta ba, kamar yadda gwanaye ke yi. Jan ɗigo ya kama, lokaci ya fara tafiya. Baba ya fara magana a hankali, yana kallon silin. Ni kuma na koma bakin taga da sabuwar wayata. Na ce a raina ai komai yana shiga, zan zauna in saurara a natse daga baya, ba sau ɗaya ba.

Da Baba ya gaji ya yi shiru, Yaya ta ce, "Farfesa, kunna mu ji ko ta ɗauka."

Na yi dariya. Ina tuna dariyar nan har yau. Na nuna mata fuskar wayar. "Ga shi, awa biyu da minti goma. Wannan ba tafireta ba ce, Yaya, ba ta tsallake harafi."

Ta dube ni ta saman gilashi, ta rufe littafinta. Haka muka yi yamma uku a jere. Bayan mako biyar Baba ya rasu.

Sai da gida ya watse, baƙi suka koma, babban yayanmu ya kira ya ce yanzu zuciyarsa za ta iya ɗauka, in turo. Da safe ne, ranar da ba makaranta. Na zauna a falo, na sa abin kunne, na danna. Lokaci yana tafiya, ba na jin komai. Na ƙure ƙara. Na cire abin kunnen, na kara wayar a kunnena. Na ja gaba, na ja baya, na buɗe na biyu, na buɗe na uku. Kusan awa bakwai, ko motsin fanka babu. Matata ta shigo ta ganni ta ce, "Lafiya? Ka yi zufa kamar wanda aka tsamo daga rijiya."

Na ruga wurin mai gyaran waya, ina ta yi masa bayanin abin da nake zato, da manyan kalmomi. Ya bar ni na gama, ya yi danne-danne bai fi na minti ɗaya ba, ya miƙo min.

"Malam, lafiyarta ƙalau. Wani ne ya toshe mata kunne. Ai ma takan yi gargaɗi in za a ɗauki murya. Yara ne suka yi wasa da ita?"

Na ce eh, yara ne.

"Ba yadda za a dawo da shi?"

"Abin da bai shiga ba, ta ina zai fito?"

A bakin titi na tsaya na yi ƙoƙarin tuna abin da Baba ya faɗa. A nan ne ido ya raina fata. Ina cikin ɗakin duk yamma ukun, amma abin da na riƙe bai cika cokali ba: wata gada da ta karye, wata mota mai launin kore, sunan Inna da ya fito sau da yawa. Labaran da na karanta a bakin tagar nan kuwa, da za a tambaye ni, har yau zan iya zayyano su. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar ranar ba.

Daga nan na nufi shago. Yaya tana karanta wa wata mata takardar neman canjin wurin aiki. Na zauna a benci, a layi, abin da ban taɓa yi ba. Da matar ta fita na faɗa mata komai, ban rage ba, har ƙaryar da na yi wa yara. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da ya dace da ni. Shekara ashirin ina yi mata dariya, yau ga damar ramawa ta zo mata har gida.

Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Da ta ce ma da na ji sauƙi. Ta tashi ta tura ƙofa, ta buɗe kabad ta fiddo wani fayil mai ruwan ƙasa.

"Muryar ta tafi, Auta, wannan ba ni da maganinsa," in ji ta. "Amma in na dawo nan da dare nakan buga abin da ya faɗa, da safe kafin in buɗe shago in je in karanta masa. Ya yi gyara da yawa. Ka san shi da lambar mota."

Shafi talatin da ɗaya ne. Na miƙa hannu, ta janye. "Zauna. Ka san ƙa'ida."

Ta fara karatu. Muryarta ce, ba tasa ba, ba zan yaudari kaina ba. Amma inda Baba ke tsayawa ta tsaya, inda yake cewa "to, shi ke nan" kafin ya shiga wani zancen ta faɗa, har ɗan jan numfashinsa. Na ji yadda ya bar gida da riga ɗaya, na ji gadar da ta karye da koriyar motar. Na ji yadda ya fara ganin Inna tana faɗa da mai awo a kan sikeli, ta tara masa jama'a.

A shafi na goma sha tara sai na ji kaina. Yaya ba ta tsallake komai, haka aka koya mata. Ta karanta: "A nan Auta ya katse ya ce, 'Ku ji wani abin mamaki, wai an ƙera injin da ke gane cuta daga tarin mutum.'" Na rufe fuska da hannu. Ubana yana tsakiyar zancen uwata, ni ina kawo rahoto.

"Na tambaye shi ko in cire wannan," in ji Yaya. "Ga abin da ya ce, ya kuma ce in sa a ciki." Ta mayar da ido kan takardar. "'Bar shi. Haka uwarsa take sak. In ta ji sabon abu ba ta iya haɗiye shi, sai ta bi kowa da shi har bakin ƙofa. Rabinsa ma ba ta gane ba, amma gidan ba ya shiru. Tun da ta tafi, in ina son in ji ta, sai in bar yaron nan ya yi ta zuba.'"

Ta karanta sauran har ƙarshe, ni dai ban san me ke ciki ba sai daga baya. Ta daidaita takardun a kan tebur, ta leƙo ta saman gilashi. Idonta ya yi ja, amma ƙa'ida ƙa'ida ce.

"Akwai gyara?"

Na buɗe baki. Ni da ba a taɓa tambayata abu ban yi lacca ba, yau amsata gajeriya ce.

"Babu, Yaya. Sake karanta min wurin Inna."

Ta gyara zaman gilashinta, ta lashi yatsa, ta koma shafi na goma sha tara.