Daɓen Inna

Kakata, wadda duk gidan muke kira Inna, ba ta iya karatu ba, amma babu wanda ya isa ya riga ta zuwa majami'a. Majami'ar tamu ɗakin ƙasa ne mai rufin azara a bakin ƙauye, can wajen Bici, gonaki sun matse shi har gindin bango. Ita ke share shi ran Asabar, bayan ta gama surfe ta sauke tuwo. Ga ta da faɗa. In ta kama jika yana gyangyaɗi a sujada, rankwashi ne a take, ba ta jira a tashi.

Duk shekara in an kai amfanin gona gida, matan zumunta sukan yi wa ɗakin sabon daɓe. A zuba marmara, a yayyafa ruwa, su durƙusa a jere kowace da madaɓinta, suna duka suna waƙa. In ya kwanta sai a bi shi da ruwan makuba har ya yi ja yana sheƙi. Inna ce a gaba. Kawuna na birni ya taɓa cewa zai kawo siminti kowa ya huta. Ta kalle shi sama da ƙasa.

"Kai dai ka huta. Ni hannuna bai ce ya gaji ba."

Abu ɗaya take roƙonmu, kuma ta sha maimaita shi: "Ran da na mutu, a cikin ɗakin nan za a yi mini addu'a. Kada a kai ni cocin birni inda ba wanda ya san ni." Mukan yi dariya, don gani muke ita za ta binne mu duka.

Sannu a hankali mutane suka watse. Samari suka tafi Kano neman aiki, 'yan mata suka bi miji, ni ma makaranta ta ɗauke ni. Fasto ya koma zuwa jefi-jefi a kan babur. A daɓen ƙarshe ita da wasu tsofaffi ne kawai suka rage. Dattijan matan maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda ta yi wa 'ya'yansu wankan jego, suka ji sautin madaɓin ya yi rauni, suka ɗauko nasu suka shigo.

Da damina ciwo ya kwantar da ita, kawu ya ɗauke ta zuwa asibiti a Kano. Kullum aka yi ruwa sai ta tambaya ko an gyara indararon gabas na majami'a. Babu wanda ya san amsa. Cikin marka ta cika.

Muka kawo ta gida kamar yadda ta ce, muka tarar rufin majami'ar ya rufta a makon nan, bangon gabas ya kwanta. A nan na yi kukan da ban yi a asibiti ba. Kawu ya ce a yi addu'ar a gindin ɗorawa kawai. Mahaifiyata, wadda ba ta taɓa yi masa musu ba, ta ce, "Yaya, a ciki ta ce."

Mazan ƙauyen suka zo da fartanya da kwanduna, suka yi ta kwashe ƙasa da azara har daɓen ya bayyana. Ko tsagewa bai yi ba. A kansa muka ajiye akwatin gawar, ba rufi, ana yayyafi, fasto ya tare Littafi Mai Tsarki da gefen rigarsa. Matan zumunta da suka rage suka tayar da waƙa, muryar ba ta kai ko bakin ƙofa ba.

Wannan ce sujada ta ƙarshe da aka yi a wurin. Bana da na je, gero na tarar a ciki.