Tafkin da Muka Ɗinka da Tsummokara

Har yau ba na mantawa da ranar da Mushe Haruna, kamar yadda muke kiran ma'aikata da Faransanci, ya kira ni ofishinsa, cikin bazarar 1994, ya ce ana shirin rufe cibiyar koya wa mata ɗinki ta Madarunfa. Shi ne shugaban sashen da ke kula da mu, ni kuwa malamar ɗinki ce. Ku da kuka zo bayanmu ba ku tarar da tsarin ba: hukuma ke ba da kekuna da albashin malama, yadin koyo kuwa kowace ɗaliba ta zo da nata. A shekarar nan aka karya darajar kuɗinmu na sefa, yadi ya yi tsada, magidanta suka daina saya. Mata na zuwa, amma babu abin sa wa ƙarƙashin allura.

"Malama Hadiza," ya ce, "bayan damina masu duba aiki za su zo daga Maradi. In ba su ga komai ba, garin Gabi za a kai kekunan nan."

A lokacin akwai wani ɗan kasuwa, Alhaji Idi, mai sana'ar gwanjo. Manyan motoci ke kawo masa dilolin tsofaffin tufafi, ya kwance su a shagonsa, ya ware masu kyau ya tura garin Ɗan Issa a ƙetara da su Najeriya. Abin da ya yage, ko ya yi tabo, ko manyan rigunan sanyi da ba mai sa su a ƙasarmu, sai a loda wa amalanken jaki a zubar cikin kwazazzabon da ke gangarawa tafkin Madarunfa. In ruwa ya sauka ya kwashe su zuwa cikin tafkin, su nannaɗe komar masunta. Shanu kan haɗiye su, ciki ya kumbura. In an cinna musu wuta, masu roba-roba su narke, hayaƙin ya sa unguwa tari.

Inna Rabi, dattijuwar ɗalibanmu, ita ta ce mu je mu tsinto. Na nemi izinin Mushe Haruna, ya ce shi bai hana ba, bai kuma sa mu ba.

Aikin da tsari muka yi shi. A tsinto, a tafasa da sabulu da toka, a shanya, a yanke ruɓaɓɓen wuri, sannan a ware launi-launi. Da farko jakunkunan lakwal, na 'yan makaranta, muka ɗinka, da shimfiɗun jarirai. Daga baya Inna Rabi ta shimfiɗa wani tsohon labule a ƙasa ta ce tafkin za mu ɗinka a kansa. Ruwan da shuɗin wanduna aka yi shi, itatuwan bakinsa da koren riguna, fararen tsuntsaye da wuyan taguwoyi. Akwai jiragen masunta, amma ba mu sa mutum ba, don wasu mazan ba za su yarda matansu su ɗinka surar mutum ba. A kusurwar da kwazazzabo ke shiga tafki, Inna Rabi ta liƙa tarin ƙyallaye barkatai, ba ta ko daidaita bakinsu ba.

Da Mushe Haruna ya gani, ya ce a cire wannan tarin, ya ɓata aikin.

"Mushe, haka wurin yake," in ji ta. "In an kwashe na can, sai in cire na nan."

Ya bar tarin a wurinsa. Masu duba aiki suka zo, suka gani, aka bar mana kekunanmu. Aka rataya zanen a gaban cibiya ranar kasuwa, mutane suka yi ta tsayawa kallo. Har Alhaji Idi ya zo. Ya daɗe yana murza gefen zanen da yatsu, ya duba jakunkunan da ake saye, ya tafi.

Mako na gaba muka je kwazazzabo, ba mu tarar da sabon zubi ba. Na sami Alhaji Idi a shago.

"Malama, ai kayana ne," ya ce. "Da ban san suna da amfani ba. Yanzu buhu-buhu nake sayarwa."

Na ce masa matan nan ba su da abin saye. Ya ce shi ma sayo dilar ya yi.

Haka aka ci gaba. Masu hali cikin ɗalibai suka riƙa saye daga abin da jakunkuna suka kawo. Inna Rabi ba ta iya ba, ta koma bin rumfunan teloli tana tsintar abin da almakashi ya zubar, daga baya ta daina zuwa. Tsummokaran auduga sun ragu a tafki. Masu roba-roba kuwa, da ba mai sayensu, aka ci gaba da zubar da su har na bar aiki.

Abin da na koya ke nan a wannan sana'a. In kuka gyara abin da aka yar har ya yi kyau, mai shi zai dawo, kuma yana da gaskiyarsa. Don haka kafin ku tsinci ko ƙyalle ɗaya, ku zauna da shi a gaban shaidu, a yanke abin da zai zama rabon matan da suka fara sa hannu.