Bidiyon Malama Saratu

Cikin duk shekarun da na yi a rajistar kotu, akwai wata safiyar Talata da har yau ta ƙi fita daga raina. Ku da kuka shigo aikin a bayanmu nake so ku ji.

Lokacin ina mataimakin magatakarda, an yi mini canji daga Birnin Kudu zuwa ƙasar Gwaram. Iyalina suna can gida, ni kuwa ina ɗakin haya, daga ni sai rediyo da risho. Ga wanda bai san aikinmu ba, duk mai ƙara teburinmu yake fara zuwa. Mu ke karɓar koke, mu buɗe fayil, mu kai wa Majistare. In ya ga akwai abin saurare, a rubuta sammaci masinja ya kai. Ba ma yanke hukunci, mu ba lauyoyi ba ne, amma mu mutane ke tambaya, don mu ne a bakin ƙofa.

Damina ta yi tsakiya ranar da Malama Saratu ta shigo. Malamar firamare ce, Kirista, daga kudancin Kaduna. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna karatu a wani gari, ita kaɗai ce a gidan da ta yi shekara tara tana haya. Rigimar kuwa a kan indararo ta fara. Ruwan rufinta yana zuba a jikin katangar maƙwabcinta, wani dattijo, Malam Buba. Ta sa aka juya indararon, bai huce ba. Ya koma toshe mata kwata da ƙasa, ruwa ya riƙa komawa ɗakinta, in ta fito da safe kuma ya tare ta da zagi. Sau biyu ta kai wa mai unguwa ƙara, aka ce ta yi haƙuri, babba ne.

Ta ajiye wayarta a kan teburina.

"Malam, na ɗauke shi a bidiyo. In na saka a intanet, doka za ta kama ni?"

Na gyara zama, don a lokacin ina ji da kaina, ina son a ga na san doka. Na ce mata ɗaukar abin da ake yi miki a ƙofar gidanki hujja ce, kotu tana karɓa in an bi ƙa'ida. Amma yaɗawa wani abu ne dabam. Yana iya juyowa ya yi ƙararki kan ɓata suna, ki shigo mai ƙara ki fita wadda ake ƙara. Na kunna bidiyon, ban yi nisa ba na tsayar. Ta cikin zauren Malam Buba ana hango matarsa a tsakar gida, tana daka, ba mayafi.

"Kin ga wannan? In hoton matar aure ya fita haka a garin nan, ba wanda zai ƙara tuna kwatarki. Ke za a ce kin keta haddin gida. Ki shigar da ƙara kawai, ki kawo shaida ko da mutum ɗaya ne. Ga mutane nan zaune a dakali suna kallo."

"Duk na bi su ɗaya bayan ɗaya," in ji ta. "Kowa ya ce maƙwabtaka ba za ta bar shi ba. Malam, don Allah ka kalla har ƙarshe."

Na ci gaba. Dattijon yana kumfar baki, yana nuna ta da sanda. Sai ga mai babur ya shigo layin, ya rage gudu, ya juyo ya dubi abin da ake yi sosai, sannan ya ƙara wuta. Hulata ce, babur ɗina ne. Ni ne, a kan hanyata ta zuwa ofis.

Ta zuba mini ido.

Na ce mata ma'aikacin kotu ba ya shaida haka kawai a inda yake aiki, sai na sanar da Majistare, wataƙila ma a mayar da shari'ar wata kotu. Gaskiya na faɗa, amma ba ita ce ta hana ni ba. Ni ma baƙo ne a garin. Dakalin nan shi kaɗai ne inda ake matsa mini in zauna hira bayan la'asar, kuma na ji tsoron rasa shi.

Ta ɗauki wayarta ta miƙe. A bakin ƙofa ta ce, "Ba don in kunyata shi nake son sakawa ba. So nake wani ya gani ya ce, e, an yi miki. Ko da wanda bai san ni ba ne."

Kwana goma na yi ina juya maganar. Daga ƙarshe na shiga ofishin Majistare na faɗa masa komai. Ya cire tabarau ya ce, "To me ka tsaya jira? Ta kawo kokenta, ni zan san inda zan tura shi."

Da aka tashi aiki na wuce gidanta kai tsaye. Na tarar da kwaɗo a ƙofa, ruwa ya kwanta har bakin dokin ƙofar. Wata mai sayar da ƙosai a layin ta ce Malama ta kwashe kayanta shekaranjiya, ta bar koyarwar, ba wanda ya raka ta tasha. Iyakar sanina ba ta taɓa saka bidiyon ba. A wannan kam ta bi shawarata sak.

Amsar da na ba ta daidai ce, ko yau aka tambaye ni ita zan maimaita. Amma ku sani, mai zuwa teburinku da waya a hannu yawanci ya riga ya zaga mutane bai samu ko ɗaya ba. In kun hana shi nuna wa duniya, sai ku tsaya masa ku da kanku. Ni na hana ta, ban kuma tsaya mata ba.