Shekarar da na cire 'yata daga makarantar da nake koyarwa

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyarwa a wata firamare ta gwamnati kafin in cire 'yata daga cikinta. Ni ina riƙe da 'yan aji biyu, ita tana aji huɗu, 'yar baranda ce kawai tsakaninmu. Tare muke fitowa daga gidanmu a Makera kowace safiya mu hau Keke Napep, tare muke komawa. Duk da haka ban san ba ta iya karatu ba sai da mahaifina ya gaya mini.

Baba tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Tun bayan rasuwar mahaifiyarmu yake zaune tare da mu, a ɗakin da ke bakin ƙofa, idonsa kuma ya fara rauni. Wata Asabar da hantsi aka kawo masa katin ɗaurin aure, ya kira jikarsa ta karanta masa. Ina tsakar gida ina wanki, na ji su sun yi shiru, sannan ta fito da gudu ta shige ɗaki.

Baba ya leƙo ya ce, "Malama, zo mana." Haka yake kirana tun ranar da na kama aiki. "Amaryar nan tawa ba ta karatu."

Na ce, "Haba Baba, ta uku fa ta zo a ajinsu."

Ya ce, "To, kira ta ukun ta karanta miki."

Na ɗauraye hannu na ɗauko jakarta. Littattafanta tsaf, rubutunta ya fi nawa kyau. Na buɗe darasi na nuna layin farko, ta rattabo shi ba gargada. Sai na sa yatsa a tsakiyar shafi, kan kalma guda, na ce ta faɗa mini. Ta kalli kalmar, ta kalle ni. Na gwada da Turanci, na gwada da Hausa, duk ɗaya. Ashe shekara huɗu zanen haruffa take yi daga allo, kamar mai kwaikwayon zanen lalle, sauran kuma hadda ce.

Ban tambayi kowa yadda aka yi ba, domin ni ma haka nake koyarwa. A ajina yara a kan benci suke, a ƙasa suke, wasu a kan taga. Kiran suna kaɗai yana cinye rabin darasin farko. In na rubuta a allo na faɗa, su amsa gaba ɗaya har rufin kwano ya ɗauka, wanda ya wuce ta waje sai ya ce karatu ake yi sosai. Layi uku na gaba su ne nake ganin bakinsu. Na baya kuwa muryarsu kawai nake ji. Da damina in ruwa ya sauko mukan tattaru a gefen da ba ya yoyo mu jira ya ɗauke. Ranar jarrabawa mu karanta musu tambayoyin da baki, su zaɓi amsa, ƙarshen shekara kowa ya wuce aji na gaba saboda wasu na tafe a bayansu.

Ranar Litinin lokacin hutun tara na sami malamar ajinsu. 'Yar Filato ce, a Sabon Tasha take zaune, mun daɗe muna cin abinci a kwano ɗaya. Na gaya mata abin da na gani. Ta ajiye cokali.

Ta ce, "Ƙawata, ban sani ba. 'Yarki ba ta da fitina, shi ya sa. Wanda ya yi faɗa ko ya yi kuka shi nake sani. Ita kullum aikinta a rubuce, sai in sa mata hannu in wuce." Muryarta a dushe take, kamar tawa. "Ki yi haƙuri."

Na ce ba laifinta ba ne. Da gaske nake. Na san akwai 'ya'yan wasu a ajina da ni ma nake sa musu hannu ina wucewa.

Da maigidana ya dawo daga garejinsa muka zauna. Ya kawo maganar makarantar kuɗi. Masu kyau na Barnawa sun fi ƙarfinmu. Na unguwarmu kuwa na san su, ɗakuna ne a gidan haya, wasu daga malaman ni na koyar da su, kuma na san iyakar abin da suka fita da shi. Na ce a bar ta a gida in koya mata da kaina.

Ya ce, "Yarinya a gida, uwarta malama? Me za a ce da mu? Kuma da safe wa zai zauna da ita?"

Baba na jin mu daga ɗakinsa. Ya ce, "Ku bar mini ita da safe. Ba inda nake zuwa."

Maigidana ya amince. Da na gaya wa hedimasta, bai ji daɗi ba. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Ya ce, "Malama, in mai tuwo ta ƙi cin tuwonta, wa zai saya? Iyaye na kallonmu." Na ce na sani. Ya ce in sake tunani. Na ce na yi. Ya yi wata guda yana amsa gaisuwata a taƙaice.

Haka muka fara. Da safe Baba ya shimfiɗa tabarma, ya fito da tsofaffin jaridunsa, su bi manyan haruffan kanun labarai ɗaya bayan ɗaya, domin su kaɗai idonsa ke gani. Ni kuma in dawo wajen ƙarfe biyu, in yi salla, in ci abinci a tsaye, mu zauna har la'asar, sannan ta tafi Islamiyya. Daga baƙi da wasali muka faro, yarinya 'yar shekara tara.

Na ɗauka zai yi sauƙi. Yaro ɗaya ne fa, ni da na saba da cikakken aji. Ashe haƙurina a makaranta nake baro shi. Ina dawowa maƙogwarona na zafi, ƙafafuna sun kumbura, ga girki na jirana, ita kuma ta tsaya kan kalmar da muka yi jiya da shekaranjiya. Wata rana na buga littafin a ƙasa na daka mata tsawa. Ta fashe da kuka.

Ta ce, "Mama, ki mayar da ni makaranta. Can ba a tambayata."

Na tashi na shiga kicin na tsaya gaban risho ban kunna ba. Baba ne ya lallashe ta, ina jin sa yana cewa in ta daina kuka zai ƙara mata sadaki. Washegari muka ci gaba daga inda muka tsaya.

Kewar ƙawayenta ta dame ta ƙwarai. In lokacin tashi ya yi sai ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon yara masu yunifom suna wucewa. Wasu su tsaya su ba ta labarin wanda aka zane da wanda ya faɗi a fili, wasu su tambaye ta ko korar ta aka yi. Dangin maigidana ma sun yi ta magana, har wata gwaggonsa ta zo takanas ta ji ko aljanu ne suka taɓa yarinyar muke ɓoyewa.

Amma maganar da ta fi tsaya mini ta wata mai sayar da awara ce a bakin ƙofar makaranta. Ɗanta na ajina, a layin baya. Wata rana an tashi, na tsaya in saya, ta zuba mini ta yayyafa yaji, ba ta miƙo ba.

Ta ce, "Malama, kwana biyu ban ga 'yarki ba. Lafiya dai?"

Na ce lafiya lau, tana gida, ni nake koya mata.

Ta ce, "Haka na ji." Ta ƙulle ledar a hankali. "Ke kin san abin da ke ciki, kin cire taki. Namu fa, Malama? Ni ko sunana ban iya rubutawa ba, balle in koya masa."

Ba da faɗa ta yi maganar ba. Na karɓi awarar na hau keke, har na isa gida ban buɗe ledar ba.

Daga makon nan na fara tsayar da 'yan layin baya lokacin tara, shida-shida, ɗanta a ciki. Minti goma sha biyar ne, su ga yunwa, ni ga gajiya. Wasu sun kama, shi ma ya fara haɗa baƙi. Zango ɗaya na yi a haka, sai aka haɗe ajina da na wata malama da ta tafi haihuwa, abin ya watse. Ban sake farfaɗo da shi ba.

'Yata kuwa sai da muka shafe wata bakwai kafin ta kama. Wata Lahadi muna cikin keke za mu Barnawa gidan yayata, na ji tana magana ƙasa-ƙasa. Allunan shaguna take karantawa, na mai walda, na mai gyaran waya, na wani coci, ɗaya bayan ɗaya, tana sauri kada keken ya wuce. Ban ce mata komai ba don kada ta daina. Mai keken ne ya waiwayo ya ce, "Hajiya, 'yar nan taki akwai boko."

Shekara biyu ta yi a gida. Ta zauna jarrabawar shiga sakandare ta ci. Karatunta ba laifi yanzu, lissafi ne dai sai a hankali, domin ni ma ban ƙware a kansa ba. Ta daɗe kafin ta saba da zama cikin mutane, har yau ba ta da ƙawaye da yawa, kuma ban sani ba ko halinta ne ko ni na jawo mata.

Ina nan ina koyarwa a makarantar. Ƙaninta zai cika shekara shida bayan Babbar Salla. Idon Baba ya rufe gaba ɗaya bara, yanzu sai rediyo. Makon jiya maigidana ya tambaye ni me za mu yi da yaron, in sa shi a makarantarmu ko in riƙe shi a gida. Ina yankan alayyahu lokacin. Na ce ya bari in gama girki.