Durowoyin Don Evaristo

Duk wanda ya tashi a garinmu Sogamoso ya san shagon Don Evaristo Chaparro na bayan kasuwa. Ba a zuwa wurinsa da sunan abin da ake nema, don yawancinmu ba mu san sunan ba. Abin da ya lalace kake ɗaukowa a hannu, guntun noti ne, ko robar famfo da ta cinye, ko ɗan ƙarfen da ya faɗo daga cikin kwaɗo. Ka ajiye masa a kan kanta ka ce, "Irin wannan, Don Evaristo." Sai ya ɗauka ya murza shi tsakanin yatsu biyu, wani lokaci ko kallonsa ba ya yi, ya juya baya ya jawo durowa ɗaya. Ban taɓa ganin ya jawo ta biyu ba.

Durowoyin nan na wani ƙaton kabad ne da mahaifinsa ya ƙera, ya cike bango guda. Layi goma sha takwas ne, kowane layi durowa ashirin, kowace da ɗan marikinta na katako da hannu ya goge har yana sheƙi. Babu rubutu a jikin ko ɗaya. Komai a kansa yake tun yana ɗan shekara goma sha biyu, ga shi a lokacin da nake ba da labari ya haura saba'in.

Ni sunana Ferney, kafinta ne, shekara ashirin ina sayen ƙusa a wurinsa, kuma shekara ashirin yana tsokanata. Da na shigo zai ɗaga murya ya ce, "Ku matsa, ga mai gyaran kujera ta koma benci." Ni kuma in ce, "Tsoho, ba ka mutu ba har yanzu?" Sai ya zuba min baƙin kofi a ɗan kofin da ba ya ba kowa sai ni.

Sai kamfanin Casaplena ya buɗe reshe a bakin hanyar Duitama. Wuri ne kamar filin ƙwallo da aka yi wa rufi, tun daga siminti har labulen banɗaki babu abin da babu. Ba zan yi ƙarya ba, ni ma na je kallo, na fito da guduma da ban da bukatarta. Cikin shekara biyu mutane suka daina kawo min aikin kabad, sun gwammace su sayo na kwali su ɗaure da kansu. Na rufe wurina, na je na karɓi koriyar rigarsu, suka sa ni a kan injin yanka katako. Don Evaristo ya ƙara shekara ɗaya yana zaune, ranar da ya yi ciniki robar famfo uku ce.

Ana nan sai kamfanin ya fito da tsarin sayen ƙananan shagunan cikin gari, don wanda ya yi oda ta waya ya zo ya ɗauki kayansa a kusa. Manajanmu na lokacin, Dakta Leonel, shi ya je shagon Don Evaristo da kansa. Ba likita ba ne, a wurinmu duk mai ofis dakta ne. Yaron kirki ne kuwa, ya zauna ya sha kofi biyu, ya yi ta shafa kabad ɗin yana jinjina kai. Don Evaristo ya ce sharaɗinsa ɗaya ne: a ɗauki kabad ɗin da duk abin da ke cikinsa a kai babban kanti, shi kuma ya tsaya a gabansa yana aikinsa har ranar da ƙafa ta ƙi. Dakta Leonel ya ce ai wannan su ne da riba. Suka yi hannu.

'Yarsa Marleny ta ce, "Baba, a sa maganar kabad ɗin nan a takarda mana."

Ya ce, "Mutum ya sha kofina, ya ba ni hannu, sai in ce masa rubuta? Ba haka na rene ki ba."

Shekarar farko abin ya yi kyau, har na fara jin kunyar zagin da nake yi wa kamfanin a zuci. An kafa kabad ɗin kusa da ƙofar shiga, an rataye hoton tsohon shagon a samansa. Tsofaffi da masu gyaran famfo suna yin layi, kowa da ɗan ƙarfensa a hannu. Koriyar rigar ta yi masa yawa, ya naɗe hannunta, yana aikinsa kamar ba a taɓa tashinsa ba.

Daga nan aka yi wa Dakta Leonel ƙarin girma, aka tura shi Barranquilla buɗe sababbin rassa. Aka kawo mana Dakta Yuliana. Kada ku ɗauka muguwa ce, wallahi ba muguwa ba ce. Mace ce da waya ba ta barinta ta ci abinci a zaune. Duk safiyar Litinin za ta tara mu ta karanto saƙon hedikwatar kamfani da ke Bogotá: rassa hamsin da biyu ne yanzu, ana so su kai tamanin cikin shekara uku, a ƙara jan manyan magina masu sayen kaya mota-mota, kowane taku na ƙasa a cikin kantin nan dole ya nuna abin da yake kawowa, wanda bai nuna ba a ba wani kaya wurin. Mu yi tafi, mu watse. Ni dai da na ji maganar taku, sai da na waiga na dubi kabad ɗin. Zurfinsa kawai ya kai tsawon hannu.

Na same shi lokacin hutun rana, yana cin arepa, wainar masararmu, a bayan kanti. Na ce, "Don Evaristo, bari in kawo takarda da gam. Kai ka riƙa faɗa, ni ina rubutawa, mu manna wa kowace durowa sunanta. Lahadi biyu ta ishe mu."

Ya ce, "Kai da ko sunanka sai ka yi gumi kake rubutawa?"

"Ba wasa nake ba, tsoho."

Ya haɗiye lomarsa. Sannan ya ce, a hankali, ba ya kallona, "Ran da aka rubuta, Ferney, wa ke da bukatar tsoho a gabanta? Ko yarinyar da ke kan kuɗi za ta iya." Gaskiya ya faɗa, ni ma gaskiya na faɗa, kuma na bar maganar. Har yau ina jin haushin kaina da na bar ta.

A watan Agusta aka kira shi asibiti za a cire masa yanar ido. Likita ya ce mako uku ba aiki, ba ƙura. Tun ranar farko muka ga abin da zai faru. Mutum ya zo da ɗan ƙarfensa, yaran kanti su jawo durowa biyar, goma, su gaji, su ce ya dawo in tsoho ya dawo.

Cikin masu zuwan har da Doña Tránsito, wadda ke soya arepa a ƙofar tashar mota, arepar da duk muke ci. Injin niƙa na hannu take da shi tun na uwarta, da shi take markaɗa masara kullum da safe, sai notin da ke matse haƙoransa ya karye. Ta kawo gutsuren a ƙulle cikin hankici. Na bar injina na zo na jawo durowa ta kai arba'in, ban samu ba. Wani yaro ya nuna mata injin niƙa na lantarki a layin kaya na goma sha biyu na kantin.

Ta ce, "Ɗana, wancan ruwa yake mayar da masara. Wa zai ci arepar kunu?" Ta ƙulle hankicinta. "Zan riƙa aron na maƙwabciya kafin Evaristo ya dawo. Shi ya san inda yake."

Mako na biyu mutanen Bogotá suka iso da tef ɗin awo da zanen sabon tsarin kanti. A kwamfutarsu wurin kabad ɗin bai sayar da komai ba kwana goma sha biyu. Ba su ce a fitar da shi ba, a'a, sun ce mutane suna sonsa, suna ɗaukar hoto a gabansa. Abin da suka rubuta shi ne a bar fuskar, kaurin yatsa huɗu, a manne durowoyin, a manna ta a bango. Sauran jikin a yanke, wurin a jera ƙwayayen lantarki. Kayan ciki kuma, tunda ba su da lamba a kwamfuta, a ba masu sayen tsohon ƙarfe. A ƙasan takardar aka sa sunan mai injin yanka, wato ni.

Na hau ofis da takardar a hannu. Na ce, "Dakta, mutumin nan yana kwance da bandeji a ido. An yi masa alkawari."

Ta ce, "Zauna, Don Ferney. Akwai a rubuce?"

"Hannu suka yi."

Ta rufe ido ta dafe goshi. A gabana ta kira Bogotá, ta yi magana ta fi minti goma, har muryarta ta fara tashi. Na can ya ce zanen an riga an amince da shi, iri ɗaya ne a duk rassa, shi ma ba shi ya zana ba. Ta kira Dakta Leonel ta sa a sifika. Ya ce kash, ya tuna, amma yankin ba nasa ba ne yanzu, ba shi da ta cewa, a gaishe masa da tsoho. Ta ajiye wayar ta dube ni.

Ta ce, "In ba ka yi ba, jibi 'yan kwangila za su zo su yi da ƙarfen ɓalle ƙusa. Ban san abin da zan ce maka ba."

Na so in sami wanda zan shaƙe, na duba sama da ƙasa ban ga kowa ba. Kowa yana ba ni haƙuri, kowa wani ne ya aiko shi. Ina da 'ya'ya biyu a makaranta. Na yanka.

Kwana biyu na yi ina yi, don na ƙi bari katakon ya tsage ko kaɗan. Ƙamshinsa ya cika wurin, irin katakon da ba a samu yanzu. Yara suka riƙa zazzage durowoyin cikin buhuna, noti da ƙusa da roba da makullai duk a cakuɗe. Na tsaya a kan buhunan ina tunanin in ɓoye wani abu, to wanne? Ban san wanne ne mai amfani ba, mai sanin yana gida. Motar masu tsohon ƙarfe ta zo ranar Juma'a ta kwashe.

Ranar Lahadi na je duba shi da niyyar in faɗa masa. Marleny ta kawo min kofi. Yana zaune a inuwa da baƙin tabarau, ya ce, "Kana dai goge min ƙurar kabad ɗin, ko?" Na ce ina gogewa. Na sha kofinsa na tashi na tafi, ban taɓa raina kaina kamar ranar ba.

Ya dawo wata Litinin da safe, ya yi aski, rigar nan ta sha guga. Ya tsaya ya ƙare min kallo da sabon idonsa ya ce, "Ashe haka kake da muni, Ferney? Shekara ashirin ana ɓoye min." Doña Tránsito tana tsaye tun kafin a buɗe ƙofa, ta riga ni isa gare shi, ta kwance hankicin.

Ya ɗauki gutsuren ya murza, ya yi murmushi. "Notin da ake ɗaurewa ta hagu ne, na da. An daina yinsa tun kafin a haifi wannan mummunan. Huɗu suka rage min." Ya juya, ya miƙa hannu layi na biyar, ta uku daga hagu, ya ja.

Ba ta fito ba. Ya sake ja. Sai ya kama ta kusa da ita, abin da ban taɓa gani ba, ita ma ta ƙi. Ya koma kan ta farko ya sa ƙarfi, marikin ya ɓalle a hannunsa. A lokacin ne ya lura da ƙwayayen lantarkin da aka jera. Ya taka a hankali zuwa gefe, ya ga kaurin abin da ya rage. Ya sa babban yatsa ya bi bakin yankan daga sama har ƙasa.

Ya ce, "Ko tsagewa babu. Aikinka ne."

Na ce, "Nawa ne, Don Evaristo."

Ya gyaɗa kai. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni.

Doña Tránsito ta ce, "To, Evaristo, yanzu ina zan samu?"

Ya dubi gutsuren. Sannan ya mayar mata cikin hankicin, ya naɗe mata da kansa. Ya ce, "Ban sani ba, Tránsito."

Ba su kore shi ba. Dakta Yuliana ta yi ƙoƙari ta samo masa aikin tarbar baƙi a bakin ƙofa, yana tsaye a gaban fuskar kabad ɗin yana cewa sannu da zuwa. Na manna sabon mariki a wurin wanda ya ɓalle, tsohon yana aljihunsa. Doña Tránsito ta sayi na lantarkin daga baya, ni dai na daina cin arepar tasha. Bana an ce rassa sun kai sittin da bakwai, mun yi tafi.

Har yanzu akan samu wanda bai ji labari ba, ya shigo da ɗan ƙarfensa a hannu. Don Evaristo ba ya iya ƙin karɓa. Zai murza shi tsakanin yatsu, ya juya ya ɗora yatsa a kan durowa ɗaya, ya ce, "Nan yake, layi na tara, ta shida daga dama." Sai ya miƙa wa mutumin abinsa.